Randar Gwaggo Ta Fito Tsakar Gida

Mu a layin nan namu, in abu ya shigo gida ɗaya ba ya kwana biyu bai zagaye sauran ba. Haka muka yi da tayil, haka muka yi da tankin ruwa na sama, haka muka yi da sola. Yanzu abin da ake yayi shi ne adon tsakar gida. Duk gidan da ka yi sallama, kafin ruwan sha ya iso an ja hannunka zuwa wani lungu: ga lalle ya yi kore shar a cikin tsohuwar randa, ga tulu a kishingiɗe a gindin gwaiba, ga faya-fayai uku a jikin bango. Maigida na bayani, uwargida na gyara masa zance, yara na rantsuwa su suka ɗebo tsakuwar. Ni dai wannan yayi ya fi duk na baya kwanta mini a rai, don shi kaɗai ne bai tambayi nauyin aljihun mutum ba.

Kayan nan sun daɗe a wulaƙance. Da firij da kula suka zo, randa ta koma bayan ɗaki kaji na kwana a ciki. Da injin niƙa ya zo, dutsen niƙa ya zama matakin tsallake kwata. Roba ta kori ƙwarya, silba ta kori akushi. Daga baya aka kira magina suka shafe tsakar gida da siminti tas, ko inda kaza za ta yi tono ba a bari ba, ana murna an huta da taɓo. Sai bazara ta zo da nata bayanin. Watan Afrilu a Kano zafi kan haura digiri 40, simintin ya sha rana tun hantsi, da dare ka shimfiɗa tabarma ya riƙa mayar maka da zafin ta haƙarƙari. Daga nan aka fara fasa simintin ana dasa darbejiya da gwanda da zogale. Da kore ya dawo, ido ya shiga neman abin da zai zauna kusa da shi, sai muka tuna da bayan ɗaki.

Matan unguwa ba sa yarda a ce musu wannan sabon abu ne. Hajiya Babba ta gidan kusurwa, wadda ta aurar da 'ya'ya har ta fara aurar da jikoki, cewa take jere ne kawai ya fito shan iska. Kuma tana da gaskiya. Ɗakin Bahaushiya bai taɓa zama babu jere ba. Kakanninta ƙorai suka jera, farare tas, wasu a rataye cikin ragaya. Sai aka koma tasoshi, sai kwanukan fenti masu furanni, su langa da kwalla da fanteka, a ɗora wannan kan wannan har su kusa taɓa rufi. Sai samira, sai tangaram a cikin kabet. Macen da ta tashi tana ganin uwarta na auna tsakanin kwano da kwano da ido ba ta bukatar kowa ya koya mata inda tulu zai zauna. Maza kuma nasu adon a waje yake tun asali: zankwaye a kan soro, da zanen da magina ke fitarwa a fuskar zaure tun ƙasa na ɗanya. Wanda ya zaga cikin birnin Zariya ko unguwar Birni a Damagaram ya ga dagi da takobi, har da keke, a jikin bango. To yanzu adon ɗaki na mata da adon bango na maza sun haɗu a fili ɗaya, shi ya sa gardama ba ta ƙarewa.

Inda muke samo kayan shi ne daɗin hirar, kuma wurin farko ƙauye ne. Duk wanda ya je gaida iyaye ko ɗaurin aure, motarsa ba ta dawowa wayam. Maƙwabcinmu tela ya ba mu labarin yadda suka yi da yayar babansa a kan wata randa da bakinta ya ɗan ɓare, tana jingine a jikin rumbu.

"Gwaggo, wannan randar fa, ana amfani da ita?"

"Wacce? Ai wannan ta gaji, ɗan nan. A cikinta aka tara ruwan wankan jego da aka haifi ubanka."

"To ki ba ni ita mana."

"Ka kai ta birni ka yi me da ita, ku da kuke da firij?"

"Shuka zan yi a ciki, Gwaggo, in ajiye ta inda nake zama."

Ya ce ta daɗe tana kallonsa, sannan ta sa aka kira yara suka naɗe randar da tsohon zani, ta ce kada a kuskura a sa ta a but, a cinya za a ɗauke ta. Haka ya taho da ita tun daga ƙasar Ɗambatta a rungume, ƙaninsa na tuƙi, duk ramin da suka faɗa sai ya yi salati.

A nan ina da roƙo ga 'yan'uwa. Akwai masu shiga ɗakin tsohuwa su tsince har abin da take amfani da shi, su miƙa mata 'yan canji da bokitin roba. Wannan bai kyautu ba. Tsohuwa mai kunya ba za ta hana ɗan ƙaninta ba, amma bayan mota ta tashi ita za ta wuni tana shan ruwan zafi. A ɗauki wanda ya gama aikinsa, a roƙa da ladabi, a ba da tukwici mai kauri. Kuma a zauna a ji labarin abin: wa ya gina shi, a wace kasuwa aka saya, a garar wa aka kawo shi. Rabin darajar randar tela labarin nan ne, kuma babu baƙon da zai sha shayi a gidansa bai ji shi ba.

Wanda ba shi da gwaggo a ƙauye, ga Kurmi nan. Kasuwa ce da Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya kafa, kuma har gobe in ka kutsa lungunanta za ka iske 'yan ƙorai da dukawa da masu tabarmi kowa a rumfarsa. Akwai tire da butocin tagulla irin na maƙeran Bidda, waɗanda ake bubbuga zanensu da hannu. Akwai likkafa da tsohon linzami, akwai akushi baƙi wuluk, ga ludaya, ga shantu. Ciniki a can sai da haƙuri. Ka ɗauki abu ka jujjuya, kada fuskarka ta nuna ya shiga ranka. Mai kaya ya faɗi kuɗi, ka taya, ya ce, "Albarka, Alhaji." Ka ɗan ƙara, ya ce, "Wallahi ban sayo haka ba." Ka ajiye ka yi taku biyu, sai ka ji, "Zo mana, ranka ya daɗe, ai ciniki ba faɗa ba ne." Abin lura ɗaya ne: akwai sabon aiki da ake turarawa da hayaƙi a goga masa ƙasa don ya yi kama da tsoho. Sabon aiki ba laifi ba ne, maƙerin ma abinci yake nema, kuma in ba mu sayi sabo ba sana'ar mutuwa za ta yi. A dai sayar da shi a matsayinsa na sabo. Ni in aka ce mini wannan tun zamanin kakan kakanni yake, cewa nake a ba ni na bana, wanda za a iya nuna mini wanda ya ƙera shi.

Tukunya kuwa kunne ke sayenta. Ka ɗaga ta ka ƙwanƙwasa da bayan yatsa. In ta amsa garau, ta gasu. In ta amsa a dakushe, ko dai akwai tsaga a ɓoye ko wuta ba ta ci ta sosai ba, damina ɗaya za ta gama da ita. Direbobin unguwa da 'yan kasuwarmu masu zirga-zirga duk sun zama 'yan sautu. Mai bin hanyar Abuja ana ba shi sautun tukwanen Gwari, masu faɗin ciki da zane a kafaɗa. Mai zuwa Damagaram ana ce masa ya daure ya leƙa Mirriya, garin da ya yi suna wajen ginin tukwane. Muna da wani malamin makaranta da ya yi ritaya, shi ne masanin layinmu. Duk ranar da aka sauke tukunyar Gwari sai ya laluba aljihu ya zaro takardar naira 20 ya juya bayanta.

"Kun ga matar nan? Ladi Kwali ke nan."

Sai ya shiga ba da labarin yadda ta koyi ginin tukwane tun tana yarinya a Kwali, yadda a 1954 ta shiga makarantar tukwanen da Bature Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, ta zama mace ta farko da ta yi aiki a wurin. Tana zana ƙadangare da kifi da kunama a jikin tukwanenta, har aka riƙa baje kolinsu a Landan. Ta rasu a 1984. Inda Malam ya fi jin daɗin labarin shi ne wurin da zai ce a gidan Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ne Cardew ya fara ganin tukwanenta, sarkin ya tara su ya adana. "Kun ga ke nan," in ji shi, "sarki ma ya riga mu ajiye tukunya don kallo."

Sai kuma wurin da ba kowa ke son faɗa ba: 'yan jari bola da 'yan gwangwan. Yaran nan masu tura kura suna tsintar abin mamaki. Ƙafar tsohon keken ɗinki ta baƙin ƙarfe, a ɗora mata katako ta zama teburin shayi a gindin bishiya. Dutsen guga na gawayi. Fitilar ƙwai da gilashinta ya fashe. Garmar shanu. Su a kilo suke sayarwa, don haka in ka biya su sama da kuɗin kilo kowa ya tashi da fara'a. Wani lokaci har tsohon ƙyauren katako mai manyan ƙusoshi ake samu, daga gidan ƙasar da aka rushe. Wannan kam yana sa ni murna da baƙin ciki lokaci guda. Gidajen ƙasa na cikin birni suna ta faɗuwa ana mayar da su na bulo, azara da ƙyamare na tafiya itacen girki. Wanda ya ceto ƙyaure ɗaya ya jingine a lambunsa ya yi abin kirki, amma da gidan na nan tsaye da ya fi.

Akwai abin da ba ma sawa. A bakin manyan tituna, wurin masu sayar da fulawa, za ka ga an jera zakuna da giwaye da agwagi na siminti an yi musu fenti. Wani Alhaji da ya tare a sabon gida a ƙarshen layi ya sayo zakuna biyu ya girke a bakin baranda. Ba wanda ya ce masa uffan a bainar jama'a. Bayan sallar isha'i Liman ya kama hannunsa suka ɗan keɓe, ya tuna masa abin da malamai suka karantar a kan ajiye mutum-mutumin abu mai rai a gidan Musulmi. Alhaji bai yi musu ba. Washegari a-kori-kura ta zo ta mayar da zakunan, aka musanya masa da manyan tukwanen fulawa biyu. Abin da ya burge ni shi ne yadda aka yi shi a rufe, babu tozarci. Kuma ba mu yi asarar komai ba, don magina da masu ɗinkin babbar riga da dukawanmu sun daɗe da gano yadda layi da kusurwa da ƙulli za su cika ido ba tare da an sassaƙa fuska ba. Dagi ɗaya da magini ya fitar da kyau a bangon da ke kallon ƙofa ya ishi gida. Zanen ƙadangare a jikin tukunya dai an bar kowa da malaminsa. Allon zayyana kuwa, mai ayoyi, wurinsa ɗaki. Liman ya hana a rataye shi a waje inda ruwan sama zai wanke rubutun ya gangara kwata, kuma kowa ya ga dacewar hakan.

Abu na biyu da ba ma saye ya fi wannan haɗari. Kwanakin baya wani mutum ya biyo layin da buhu a kafaɗa, ya ji labarin muna sayen tsofaffin kaya. Ya kwance a gaban majalisa, sai ga kan mutum na yumbu, idanu a huje, ƙasa maƙale a kunnuwansa. Ya ce a gona aka tono. Malam ya miƙe tsaye.

"Bawan Allah, mayar da shi cikin buhu. In na gaske ne wurinsa gidan tarihi, in na jabu ne ba ma bukata."

Bayan mutumin ya tafi ya zauna ya warware mana. Irin waɗannan kawuna an san su da mutanen Nok, da suka rayu a yankin kudancin Kaduna da kewaye fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Masu haƙar kuza ne suka fara cin karo da su. Ɗaya daga cikin mafi shahara, wanda aka tono a wajajen Jama'a, wani ma'aikacin kuza ne ya kai shi gonarsa ta doya ya kafa don tsorata masu ɓarna, kafin ya isa hannun Bernard Fagg a 1943. Fagg ɗin ne ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952. Dokar da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa a 1979 ta hana cinikin irin waɗannan kaya ba da yardar hukuma ba, ta kuma hana fitar da su waje babu izini. A 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa kayan yumbun Nok da na ƙasar Katsina da Sakkwato cikin jerin kayan Afirka da ɓarayi suka fi yi wa ɗauki ɗai-ɗai. Malam ya ce ɓarnar ba ta tsaya ga abin da aka ɗauke ba. Mai tono a ɓoye yana farfasa da yawa kafin ya fitar da ɗaya lafiyayye, kuma da zarar an raba abu da ramin da ya kwanta, masana sun rasa mafi yawan labarinsa. Duk wanda ya saya, shi ya biya kuɗin tonon gobe. Tun daga ranar muka yi magana ɗaya: abin da ya fito daga ɗakin gwaggo ko rumfar kasuwa muna so, abin da ya fito daga rami a kai wa hukuma.

To an samo kaya, saura ajiyewa, kuma a nan ake gane gwani.

Huda gindin randa aikin mai sanyin hannu ne. Tela ya koya a wurin wata mai ginin tukwane, mu kuma muka koya a wurinsa. A cika randar da ruwa ta kwana, jikinta ya sha sosai. Da safe a juye ruwan, a kife ta a kan tulin yashi. A sami doguwar ƙusa, amma ba a buga ta da guduma. Murza ta ake yi a wuri ɗaya, ana ɗiga ruwa, jan gari na fitowa kaɗan-kaɗan yana ɓata yatsu, har ka ji ƙusar ta zurma. Mai gaggawar da ya ɗauki guduma da tsingaro zai tashi. In hujin ya samu, a ɗora masa guntun tsingaro daga ciki don kada ƙasa ta toshe shi, a zuba tsakuwa kaɗan, sannan ƙasar da aka cakuɗa da yashi da busasshen takin shanu wanda ya huce. Ɗanyen taki ƙona saiwa yake. A ɗora randar a kan duwatsu uku don ruwa ya sami hanyar fita, tururuwa kuma kada su yi gida a ƙarƙashi. Lalle na son randa, haka ɗoɗɗoya da na'a-na'a. Rumman ma yana yi in randar babba ce. Darbejiya da cediya kuwa kada a gwada, saiwarsu tarwatsa tukunyar za ta yi.

Ita mai ginin tukwanen, da ta ga sautu ya yi yawa daga layinmu, sai ta fara gina wasu masu faɗin baki da hujinsu tun suna ɗanyu. Ta ce da kasuwarta ta koma sai kasko da asusu, yanzu ta sake gina manya. Haka wata dattijuwa a bayan layi da ke saƙa faifai da kaba mai rini, yanzu sai ka ba da kuɗi ka jira. Ni wannan ne ya fi faranta mini rai a cikin yayin gaba ɗaya, don kuɗin yana shiga hannun mai sana'ar kai tsaye.

Babbar gardamar layin nan ita ce fenti. Matasa na so a shafa wa komai fentin mai, tukunya ta zama shuɗiya, tulu ya zama ruwan ɗorawa. Mu kuma muna cewa a bar yumbu da launinsa, kuma muna da hujja. Jikin tukunya yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ta nan ruwa ke tsattsafowa, iska ta busar da shi, cikin ya yi sanyi. Sirrin ruwan randa ke nan. Da wannan hikimar ce Mohammed Bah Abba, wani malami a Jigawa, ya sa ƙaramar tukunya cikin babba ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, kayan miya suka riƙa yin kwanaki ba su lalace ba, har kamfanin Rolex ya ba shi lambar yabo a 2000. Ka shafe tukunya da fentin mai ka toshe ƙofofin nan, saiwar shukarka ta sha wuya a bazara, fentin kuma ba ya daɗewa yake fara ɓarewa. Mai son sheƙi ga makuba nan, ruwan ɓawon ɗorawa da ake yayyafa wa daɓe, masu ginin tukwane ma suna watsa shi a jikin tukunya tana fitowa daga wuta ta yi duhu mai kyau. Tsohuwar taya dai a yi mata fenti, ba mu hana ba.

Gardama ta biyu ta yawa ce. Akwai gidan da in ka shiga sai ka riƙa ɗaga ƙafa, tulu a nan, kasko a can, kwalabe a jere, babu inda za a shanya wanki balle a ɗora tukunyar suna. Hajiya Babba ta leƙa ta ce wa matar gidan, "'Yar nan, reshen kasuwar Rimi kika buɗe?" Aka yi dariya har da ita, suka haɗu suka kwashe rabi zuwa sito. Tsakar gidan Bahaushe wurin aiki ce: girki, wanki, shanya, alwala, kitso, taron biki, zaman makoki. Ado ya bi gefe ya bar tsakiya. Abin da na ga ya fi kyau shi ne babban abu ɗaya a inda ido ke fara sauka in an fito daga soro, ƙanana biyu ko uku a gefensa ba a sahu ɗaya ba, bangon bayansu kuma babu tarkace. Kuma a ajiye su kusa da inda ake zama. Abin da aka kai can ƙuryar da ba mai zuwa, ƙura da yana aka ajiye wa. Da dare ƙaramar fitilar sola ɗaya a ƙasa, ta hasko jikin randa daga gefe, ta isa. Masu naɗa wa bishiya ƙwayayen nan masu ƙyaftawa ja da kore, mun roƙe su su bari sai ranar biki.

Sannan ga maƙiya. Akuya ba ta san ado ba, faifai a wurinta abinci ne, don haka a rataye shi sama da inda bakinta zai kai in ta miƙe da ƙafa biyu. Ƙwallon yara ta kashe tuluna da dama a layin nan, kuma har yau ba a taɓa samun wanda ya buga ta ba. Gara na cin katako ta gindi shiru, shi ya sa ake ɗaga shi daga ƙasa, wasu su shafa wa gindin baƙin mai. Ƙwarya da akushi ba sa son rana ba sa son ruwa: hunturu ya busar da su su tsage, damina ta sa su fumfuna. Wurinsu ƙarƙashin rumfa ko baranda. In ƙwarya ta tsage kada a yar, a nemi gyartai ya ɗinke, ɗinkin nasa ma abin kallo ne. Tagulla in ta dushe, toka da lemon tsami sun ishe ta.

Wanda ba a wasa da shi shi ne sauro. Watan Agusta, lokacin da ruwa ya fi sauka, duk wani buɗaɗɗen tulu da kasko da taya yana zama wurin ƙyanƙyasarsa, kuma daga ƙwai zuwa mai cizo abin mako ɗaya ne zuwa kwana 10. Wata ma'aikaciyar asibiti da ke haya a layin ita ta tsaya a kan maganar nan, gida-gida ta bi da kanta. Dokarta gajera ce: abin da ba a yi shuka a ciki ba a kife shi ko a cika shi da yashi, taya a huhhuda ta, kaskon ruwan tattabaru a zubar a wanke a sake kowane kwana biyu. Ta ce wa wata mai kukan tulunta ya fi kyau a tsaye, "Maman yara, ko ki kife shi yau ko ki kawo mini autanki da zazzaɓi." Nan take aka kife.

'Yan haya ma ba a bar su a baya ba. Wata amarya a gidan haya mai yawan jama'a ɗan fili ne kawai take da shi a bakin ƙofarta. Ta sa mai walda ya yi mata ƙarfe mai hawa uku, ta jera ƙananan kasake da na'a-na'a da albasa mai lawashi, a sama ta rataye shantun kakarta. Ta ce ranar da za su tashi, a-daidaita-sahu ɗaya za ta kwashe lambun nata duka. Matan manyan gidaje har zuwa suke yi su ga yadda ta tsara.

Turmi ne kaɗai ya ƙi yarda ya yi ritaya. Alhajin nan na ƙarshen layi ya samo wani na ƙirya, mai nauyi, an goge shi da mai har yana ɗaukar ido, an kife an ɗora masa tukunyar fure. Ranar kamun jikar Hajiya Babba baƙi suka cika gida, ga fura za a kirɓa, turmin gidan ɗaya ya kasa. Ta aiki yara.

"Wai in ji Hajiya, a ba da aron turmi."

"Ku ce mata wannan na ado ne."

Yara suka tafi. Ba a jima ba sai ga Hajiya da kanta, mayafi a kafaɗa.

"Alhaji, gindinsa a huje yake?"

"A'a, Hajiya, lafiyarsa lau."

"To sauke furen."

Da hannunsa ya sauke, yara suka mirgina turmin har gidan biki, kafin azahar layin ya ɗauki lugude. Da yamma aka dawo masa da shi a wanke, da ƙwaryar fura da nono tukwici, ya raba a majalisa yana cewa ƙarar turminsa ta fi ta kowa zaƙi. Tun daga nan babu wanda ya sake huda turmi don shuka a layin nan. Auren ɗan tela bayan Sallah ne, kuma mata sun riga sun zaga sun ƙirga turame biyar da za a sauke wa fure.